Murnar da Ba a Tunawa: Asara ce ko Ajiya?

A babban hutun da ya gabata na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na fara aikin koyarwa. Na kwashi iyalina, uwar yara da ƴaƴanmu uku, muka bar Maraɗi muka nufi Yamai, alhali babu rasuwa, babu biki, babu kuma wata takarda da nake bi a ma'aikata. Mun tafi ne kawai don yara su ga gari su yi wasa. Tafiya ce ta kilomita wajen 660, ta Madawa da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso; mun tashi da asuba, ba mu sauka gidan ƙanena ba sai da rana ta yi sanyi. A rana ta uku muka kai su wani filin wasa irin na zamani, wanda aka kewaye da shinge, ake shiga da tikiti, kuma kowane lilo da nasa kuɗin.

Babban ɗana shekararsa tara, mai bi masa shida, Auta kuwa ba ta cika uku ba. Manyan biyu suka ruga wajen ƙananan motocin nan masu karo da juna. Auta ta tsaya gaban wani dandamali mai juyawa, wanda aka jera wa dawakan katako masu fenti, ta nuna wani fari da yatsa. Da na ɗora ta, injin ya tashi, sai ta ƙanƙame wuyana ta fasa kuka. Na tsaya kusa da ita muna juyawa tare, hannuna a bayanta. A zagaye na uku kukan ya tsaya, a na biyar ta saki wuyana ta kama kunnen doki, daga nan kuma sai dariya, irin dariyar da ke sa yaro shaƙewa. Sau huɗu na biya kuɗin dokin nan. Da muka lissafa da dare, kuɗin mota da na shiga da na ciye-ciye, abin da tafiyar ta ci ya kusa rabin albashina na wata.

Da muka koma gida na je gaida mahaifiyata, na nuna mata hotuna. Inna ba ta kiran sunana, kasancewa ni ne ɗan fari. In tana son ta yi mini ba'a, Mushe take ce mini, kamar yadda ƴan lakwal ke kirana. Ta daɗe tana duban hoton Auta bisa doki, sannan ta ce: "To Mushe, manyan dai na ji, sun san abin da suka gani. Wannan fa? Kafin kaka ta manta. Ka zuba ruwa a rairayi." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Bayan wata biyu na tambayi Auta abin da ta gani a Yamai. Ta yi tunani ta ce: "Akuya." Akuyar da ke ɗaure a tsakar gidan ƙanena take nufi. Farin doki ya tafi.

Tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu ke nan: murnar da aka ba wanda ba zai tuna da ita ba, asara ce? In kuwa ba asara ba ce, shin haka ya isa ya wanke uban da ya kashe rabin albashinsa a kanta?

Adalci shi ne mu fara da ba Inna gaskiyarta, domin tana da ita. Waɗannan wurare kasuwa ce, kuma tun asali kasuwa aka gina su. Lambun Tivoli na birnin Copenhagen ya buɗe a 1843. Babban lilon nan mai kama da ƙafar keke, wanda ke ɗaga mutane sama ya sauko da su, injiniya George Ferris ne ya ƙera shi don baje kolin Chicago na 1893. Walt Disney ya buɗe Disneyland a jihar Kaliforniya ta Amurka ranar 17 ga Yuli, 1955, ya kuma zo da sabon salo: maimakon tarin lilo barkatai, sai a gina gari sukutum bisa tatsuniya, da fadarsa da titunansa, yadda mai shiga zai ji kamar ya faɗa cikin labari. Lokacin da aka kawo irinsa gabas da Paris a watan Afrilu na 1992, masana da yawa a Faransa sun yi tir da shi, har mai shirya wasan kwaikwayo Ariane Mnouchkine ta kwatanta shi da bala'in Chernobyl a fagen al'adu. Filin da na kai yarana jikan jikan waɗannan ne, ƙarami ƙwarai, amma dabarar ɗaya ce: layi mai tsawo, juyi na minti uku, da mai sayar da alewa a daidai inda yaro zai sauko.

Ina karantar da Pascal ga ɗalibaina na lise, saboda haka ban isa in ce ban san zargin da ya fi wannan nauyi ba. A cikin littafinsa Pensées, wanda aka buga a 1670 bayan rasuwarsa, ya nuna cewa ɗan Adam yana neman wasa da farauta da hayaniya ne domin ya kasa zama shi kaɗai a ɗaki ya fuskanci halinsa da ajalinsa. A 1981 Jean Baudrillard ya ƙara da cewa amfanin Disneyland shi ne ta sa mutum ya ɗauka ƙarya ta tsaya a cikin shinge, abin da ke waje kuwa gaskiya ne. Na yarda akwai hikima cikin maganganun biyu. Sai dai duka biyun babba suke tuhuma. Yarinyar da ba ta cika shekara uku ba, wane ajali take gudu? Ba ta san akwai shi ba. Babba ne ke shiga wasa don ya fita daga rayuwarsa. Shi yaro wasan ne rayuwarsa, shi ne aikinsa na yini. Malamanmu sun san haka tun da daɗewa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi nasiha cikin Ihya'u Ulumiddin cewa a bar yaro ya yi wasa in ya taso daga karatu, domin hana shi yana kashe masa zuciya ya dushe masa basira.

To, sai batun mantuwa, wanda shi ne ainihin maganar Inna. A nan ilimi ya goyi bayanta. Yawancin manya ba su da abin da suke tunawa kafin shekara uku ko uku da rabi, abin da ke tsakanin nan da shekara bakwai kuwa tsinci-tsinci ne. Sigmund Freud ya yi magana kan wannan mantuwa ta ƙuruciya tun 1905. Bayanin da ya bayar an bar shi, masu bincike na yanzu suna danganta abin da cewa sashen ƙwaƙwalwa mai ajiyar abubuwan da suka faru bai gama nuna ba, harshe kuma bai zauna ba balle yaro ya ɗaure abin da ya gani da kalmomi. Auta za ta manta, babu makawa. Ko da wata rana ta ce ta tuna, hoton da muke nuna mata take tunawa, da labarin da muke ba ta.

Amma mi ya sa muke ɗauka cewa abin da ba a tuna ba kamar bai faru ba ne? Masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002, ya rarrabe mutum biyu a cikin kowannenmu: mai ɗanɗanar abu a lokacin da yake faruwa, da mai tunawa daga baya, wanda shi ke riƙe da alƙalamin hukunci. A wani gwaji da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 1993, an sa mutane su tsoma hannu cikin ruwa mai tsananin sanyi na daƙiƙa 60. Sannan aka sake sa su na daƙiƙa 90, amma a 30 na ƙarshe aka ɗan rage sanyin. Da aka ce su zaɓi wanda za a maimaita, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, ko da yake wahalarsa ta fi yawa, domin ƙarshensa ne ya zauna musu a rai. Ma'ana, mai tunawa alƙali ne mai son zuciya, yana iya sayar da mai ɗanɗana da araha. Mu manya mun miƙa masa mulki gaba ɗaya, har mun kai ga tsayawa ɗaukar hoton abu maimakon kallonsa. Auta kuwa mai ɗanɗana ce zalla. Idan muka ce murnarta ba ta da lissafi, cewa muka yi ita kanta ba ta shiga lissafi ba tukuna, sai ranar da ta iya ba da labari.

Ga wata hanya mai sauƙi ta gwada wannan ra'ayi. A juya shi. Idan murnar da za a manta banza ce, to azabar da za a manta ita ma banza ce. Wa zai yarda a doki jariri, ko a bar shi da yunwa yini guda, bisa hujjar cewa ba zai tuna ba? Babu uwar da za ta saurari wannan magana har ƙarshe. Mun san cewa kukan yaro na yau abu ne mai nauyi yau, ko gobe ta shafe shi ko ba ta shafe ba. Ba shi yiwuwa mu ba kuka wannan matsayi mu hana wa dariya. Kuma dukan renon da aka yi mana haka yake: goyo, da rarrashi, da waƙar da ake yi wa jinjiri ana jijjiga shi, da tauna abinci a sa masa a baki, babu ɗaya da muke tunawa. Duk da haka mun san bambancin yaron da ya samu da wanda bai samu ba. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Auta ta manta doki, amma a zagaye na biyar ta koyi cewa abin tsoro yana iya zama abin daɗi idan akwai hannu a bayanta. Ina zaton irin wannan sani ba ya bukatar a tuna ranar da aka same shi.

Sai dai ba na so in jingina hujjata duka bisa amfanin gobe, domin yin haka komawa ne ga ra'ayin da nake ƙi, wato cewa yaro gona ce kawai da ake shuka don girbi. Rousseau, a littafinsa Émile na 1762, ya yi faɗa da tarbiyyar da ke sadaukar da yau ɗin yaro saboda wata gobe da ba a da tabbacin zai gani, ya kuma tunatar da masu karatunsa cewa a zamaninsa yara da yawa ba sa kaiwa girma. Ɗalibaina sukan karanta wannan shafi kamar labarin wata duniya, alhali labarin gidajenmu ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijar a 1992 ya nuna cewa cikin yara dubu da aka haifa, 318 ba sa kaiwa shekara biyar. Na 2012 ya nuna adadin ya sauko zuwa 127. An ci gaba ƙwarai, amma kowa ya san gidan da aka yi wannan rashi. Inna ta haifi tara, biyar muka rayu. Akwai wata ƙanwata da ta rasu tana da shekara biyu, lokacin ƙyanda. Na tuna Inna ta ɗinka mata ƴar tsana da ƙyallen atamfa, ta yi mata kitso da zare. Yarinyar ba ta rayu ta tuna ba, ba ta kuma rayu ta amfana da wani darasi ba. Idan ƙimar murnar yaro tana ga abin da za ta haifar nan gaba ne kaɗai, to ƴar tsanar nan asara ce. Ni kuwa na ga fuskar yarinyar ranar da aka miƙa mata ita, kuma ban yarda asara ba ce. Rabonta na duniya ke nan, an kuwa ba ta.

Wannan ya amsa rabin farko na tambayata. Rabi na biyu ya fi wuya, kuma a nan ne ƴar tsanar Inna ta juyo kaina. Ba ta ci ko dala ba. Mu da muka tashi a unguwannin Maraɗi mun yi mota da karan dawa da gwangwanin madara, mun yi langa da kokawa a rairayi, ƴan mata suna gaɗa da carafke a farin wata, da azumi a yi tashe, da dare a kwanta ana jin yadda Gizo ya cuci Ƙoƙi. Babu tikiti, babu shinge, kuma mu ne masu ƙera abin wasan da dokokinsa. A bisa dokin katako kuwa yaro ba ya ƙera komi. Zama yake a juya shi. Idan murnar yaro tana samuwa kyauta, mi na saya da rabin albashina?

Na daɗe ina juya wannan, amsar da na samu kuma ba ta yi mini daɗi ba. Walt Disney ya sha ba da labarin cewa tunanin gina filinsa ya zo masa ne yana zaune bisa benci a wani lambu na Los Angeles, ƴaƴansa mata biyu suna kan lilo, shi kuwa yana cin gyaɗa ba shi da abin yi. Sai ya ce ya kamata a samu wurin da iyaye da ƴaƴa za su yi wasa tare. Ko labarin ya ƙawatu da gishirin talla, ya taɓa gaskiya. Abin da na saya ranar nan shi ne kaina. A gida, in Auta ta zo da wasa, ina da takardun ɗalibai fiye da ɗari da ke jiran jan biro, ko ana jirana a fada wajen abokai, ko kuwa kunyar nan tamu ta hana ni: namiji mai iyali ba ya rarrafe a tsakar gida yana haniniya. Sai da na yi tafiyar kilomita ɗari shida, na biya kuɗi, na shiga wurin da babu wanda ya san ni Mushe ne, sannan na iya tsayawa yini guda ina kallon ƴaƴana ba tare da na duba agogo ba. Shingen da aka yi don ya tsare kuɗin mai wuri, ni ya tsare ni daga uzurina. Wannan ba yabo ba ne ga filin wasa. Tuhuma ce a kaina da ire-irena, da muka mayar da abin da ya kamata ya zama na kowace maraice ya koma sai an yi masa tanadin shekara.

Akwai kuma abin da shingen ya nuna mini ta ɗaya gefen. Muna layin motoci, ɗana na tsakiya ya ja mini riga ya nuna wata yarinya sa'arsa a waje, da farantin ruwan leda a kai, ta manna fuska ga ƙarfen shinge tana kallon dawaki. Ya ce: "Baba, ita mi ya sa ba ta shigo ba?" Na ce aiki take. Ya ce: "In ta gama za ta shigo?" Ban amsa ba. Na aike shi ya sayo ruwan da ba mu bukata, na kuma san cewa wannan ba amsa ba ce. Duk hujjar da na kawo a sama, cewa murnar yaro tana da nauyi a ranarta, ba ta san ɗan wane ba. In ta tabbata ga Auta ta tabbata ga mai tallar ruwa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ambaci hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. Wasan dandali na dā, duk da talaucinsa, ya fi kusa da cika wannan alkawari, domin ɗan sarki da ɗan talaka ƙasa ɗaya suke birgima. Yanzu filayen unguwa ana yanka su ana sayarwa, motoci sun cinye tituna, wasa yana ƙaura zuwa bayan shinge. Garin da ya bar haka ta tabbata ya yanke hukunci, ko bai faɗa ba, cewa dariyar yara kaya ce ta mai hali.

Washegari mun je gidan adana kayan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, yake ɗauke da sunan Bubu Hama. Da kuɗi kaɗan yara suka ga dorina da zakuna, suka ga ƙasusuwan manyan dabbobin dā da aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas, da gawar itaciyar Tenere da mota ta kayar a 1973. Wurin cike yake da yara iri-iri, masu takalmi da marasa shi. Babban ɗana har yau maganar ƙasusuwan nan yake, ya fi tuna su bisa motocin karo. Na ambaci wannan ne don a ga cewa wurin da jama'a suka mallaka tare yana iya ba yaro mamakin da ya kai na ɗan kasuwa, ba tare da ya bar wani a bakin ƙofa ba. Da kowace ma'aikatar magajin gari za ta ware fili ɗaya a unguwa, da inuwa da lilo ko na tsohuwar taya ne, da an rage yawan fuskokin da ke manne ga ƙarfe.

Ga inda na tsaya. Uban da ya kai ƙaramin yaro irin wannan wuri bai yi wauta ba don yaron zai manta. Murnar ta cika aikinta a ranar da aka yi ta. Zai yi laifi ne idan ya ci bashi don a gan shi, ko ya taɓa kuɗin hatsi da na magani, ko ya ɗauka yini ɗaya mai tsada ya biya masa bashin sauran kwanakin shekara, ko kuma ya fito bai ga wadda ke bayan shinge ba. Cikin huɗun nan na kuɓuta daga biyu na farko. Na ukun ina ƙoƙari: tun da muka dawo, bayan sallar la'asar nakan ajiye jan biro na rabin awa, in zama doki a tsakar gida, maƙwabta su faɗi abin da za su faɗa. Na huɗun kuwa har yanzu ban san abin da malamin makaranta zai yi da ya wuce rubuta wannan ba.

Da na koma wajen Inna na tuna mata ƴar tsanar nan ta atamfa, na tambaye ta ko ita ma ruwa ta zuba a rairayi. Ta yi shiru har na yi nadamar tambayar. Can ta ce ƙyallen na zanen aurenta ne, shuɗi mai tsuntsaye. Sannan ta miƙo hannu ta ce in sake ba ta hoton nan na doki ta gani da kyau.